Yadda Ake Cinye Super Mario Bros. na 1985

Tambayi duk wanda ya tashi a Kano, Kaduna ko Jos daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ko ya san Mario, zai ce maka har kiɗan yana iya yi da baki. Sake tambayarsa ko ya taɓa cinye wasan, ya ga ƙarshensa da idonsa, nan za ka ji an fara kame-kame: wuta aka ɗauke, adafta ce ta yi zafi, yaya ne ya ƙwace hannun gem. Duk sun faru. Amma babban dalili shi ne akasarin masu buga shi a lokacin sun koyi hanyar yanke tun kafin su koyi wasan kansa, suka riƙa faɗawa duniya ta takwas da ɗan ƙaramin Mario da rai biyu, ana kora su gida cikin minti uku. Wanda yake son ya koma wa wasan yau ya gama shi, sai ya sake tsarin da aka saba.

Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan, wanda ya fara da buga karta tun 1889, shi ya fitar da wasan ranar 13 ga Satumba 1985 a kan na'urarsa Famicom, wadda Amurka ta sani da NES. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara shi, suna zana kowane zango a kan takarda mai gidaje kafin a shigar da shi na'ura, Koji Kondo kuma ya yi kiɗan. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Duka wasan, zango 32 da kiɗa da hotuna, a cikin kilobait 40 aka cusa shi, abin da bai isa ya ɗauki ko hoto guda na wayar yau ba. Saboda wannan matsi ne gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa suka zama zane guda, launi kawai aka canza. Kuma saboda shi ne aka maimaita wasu zangunan gaba ɗaya, abin da zai amfane ka nan gaba.

A kan me za ka buga?

Abin da ya iso kasuwanninmu galibi ba Famicom ta ainihi ba ce, kwaikwayonta ne daga Taiwan da China, da kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke ikirarin wasanni dubbai a ciki alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. In har yanzu kana da irin wannan na'ura a ɗaki, tana yi. Sai dai ka daina hura kaset da baki, danshin numfashi tsatsa yake jawo wa ƙarafunan. Ɗan auduga da sifirit ya isa, ka bari ya bushe kafin ka zura. Ka kuma sani cewa da yawa daga cikin waɗannan na'urori an yi su ne don talabijin irin tamu mai nuna hoto 50 a daƙiƙa, alhali an tsara wasan a kan 60. Wato Mario da ka sani da yarinta ya fi na ainihi nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida. In ka buga na Nintendo yau ka ji kiɗan ya yi sauri, tsallenka yana kuskurewa, ba tsufa ba ne kaɗai.

Nintendo da kansa ya sake fitar da wasan sau da dama: yana cikin NES Classic ta 2016, da ƙaramar Game & Watch ta 2020, da tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online. Na ƙarshen yana ba ka damar ajiye wasa a inda ka tsaya, har da mayar da shi baya in ka faɗa rami. Ra'ayina a kan wannan: ka yi amfani da ajiya a farkon zango domin atisaye, ka bar mayar da baya. Wanda yake goge kowane kuskure nan take, hannunsa ba ya koyon komai.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Kada ka buga da maɓallan da aka zana a kan gilashin waya, yatsa ba ya jin inda yake, kuma wannan wasa na yatsa ne. Sannan in talabijin ɗinka ta zamani ce, ka nemi saitin da aka ware wa gem ka kunna, domin irin waɗannan talabijin suna ɗan riƙe hoto suna gyara shi kafin su nuna, wannan ɗan jinkirin kuwa ya isa ya jefa ka rami.

Babban yatsan dama

Maɓalli biyu ne kacal a dama: A na tsalle, B na gudu da harbin wuta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga yatsa daga wannan zuwa wancan. Kwantar da babban yatsanka a kan duka biyun, kan yatsan yana danne da B, gaɓarsa tana kan A, sai ka riƙa mirgina shi in za ka yi tsalle ba tare da ka saki B ba. Da farko za ka ji wani iri. Ka daure, domin rabin wasan yana nan.

Hannayen gem na kwaikwayo suna zuwa da ƙarin maɓalli biyu a sama masu danna kansu da sauri. Ka nisanci na tsallen. Tsayin tsallen Mario ya danganta da daɗewar da ka yi kana danne da A: ɗan taɓi ya ba ka ɗan tsalle, dannawa sosai daga tsaye ta ɗaga ka bulo huɗu, da gudu kuma biyar. Maɓallin da ke saki yana kamawa da kansa ba zai taɓa ba ka cikakken tsalle ba.

Sai nauyin jiki. Mario ba ya tsayawa cak in ka saki, yana ɗan zamewa gaba kamar kurar ruwa da aka cika da jarkoki, kuma ba ya kai ƙarshen gudunsa sai ya sami 'yar tazara. Wannan shi ne abin da za ka ɓata lokaci a kai. Je filin farko na 1-1, wato zangon farko na duniya ta ɗaya, ka yi gudu ka danna baya ka ga inda zai tsaya. Yi tsalle, kana sama ka danna baya, ka ga yadda ake rage nisa a iska domin a sauka a kan bulo guda. Ka kuma gwada wannan: in kana cikin cikakken gudu, ramin da faɗinsa bulo ɗaya ne ba ya bukatar tsalle, Mario zai bi ta kansa ya wuce. Ka riƙe wannan, za a tambaye ka shi a duniya ta takwas.

Abin da 1-1 yake koyarwa

Babu rubutun bayani ko layi ɗaya a wasan, zangon farko shi ne malamin. Dubi yadda aka jera shi. An ajiye Mario a gefen hagu da fili a gabansa, ka san dama za ka nufa. Ga maƙiyi guda, Goomba, yana tahowa a hankali: ko ka yi tsalle ko ka mutu, kuma in ka mutu ba ka yi asarar komai ba tunda yanzu ka fara. Ga akwati mai alamar tambaya yana ƙyalli, dole ka doke shi. Lemar kwaɗi ta fito, ta yi dama, ta faɗo, ta bugi bututun farko ta juyo kanka. Sabon ɗan wasa zai ɗauka maƙiyi ce, ya yi tsalle ya kauce, sai bulon da ke samansa ya tare shi ya faɗo a kanta, ya ga ya girma. An koya masa ba tare da an ce uffan ba. Gaba kaɗan akwai matakala biyu da ƙasa a tsakaninsu, sannan wasu biyu irinsu da rami a tsakani: atisaye tukuna, sai jarrabawa.

Haka wasan yake tafiya har ƙarshe, a nuna maka abu a inda ba shi da haɗari, sannan a dawo maka da shi a inda yake kisa. A zangon nan dai, bututu na huɗu ana shiga, akwai sulalla a ƙasa. Amma in ka shiga cikinsa ka tsallake wani ɓoyayyen akwati da ke tsakanin bututun da ramin farko, mai lemar kwaɗi koriya ta ƙarin rai. Ni na fi son ran. Ka tuna allon ba ya komawa baya, abin da ya wuce hagu ya tafi ke nan, don haka kada ka matsa gaba sai ka gama da abin da ke wurin.

A ƙarshen zango, hau saman matakala, ja baya iyakar bakin bulon, taho da gudu ka yi tsalle a ƙarshen gaɓa domin ka kama saman sandar tuta, maki 5000. In lambar ƙarshe ta agogo ta tsaya a 1, 3 ko 6 za a harba maka wasan wuta. Ado ne kawai, maki ba ya kai kowa ƙarshen wasa.

Maganar hanyar yanke

Kowa ya san ta. A 1-2, kusa da ƙarshe, ka hau katako mai tashi sama ka dira kan rufi, ka yi gudu ka wuce bututun fita, sai ga bututu uku zuwa duniya ta 2, 3 da 4. A 4-2 kuma, bayan ramin farko mai katakai, akwai ɓoyayyun akwatuna da za su kai ka ga wani bulo a sama, ka doke shi tsiro ya fito, ka hau zuwa bututun 6, 7 da 8. Wanda ya bi ta rufin 4-2 har ƙarshe kuwa duniya ta 5 kawai zai samu. Ta wannan hanya zango takwas kacal ake bugawa cikin 32, kuma da ita gwanayen tsere suke gama wasan cikin ƙasa da minti biyar.

Su sun haddace kowane taku. Kai kuwa sauri ne zai haifar maka da nawa. Zango 24 da ka tsallake su ne makarantar. A 3-1 ake fara haɗa ka da masu jifa da guduma, a 5-1 ake fara harba maka harsashin igwa, kuma duka biyun suna jiranka a duniya ta takwas a taru. Ga kuma maimaicin da na ambata: 5-3 shi ne 1-3 da aka rage wa faɗin katakai aka ƙara harsasai, 5-4 shi ne 2-4, 6-4 shi ne 1-4, 7-2 da 7-3 kuma su ne 2-2 da 2-3 da ƙarin maƙiya. Wanda ya san duniya biyun farko da kyau ya riga ya san zango biyar na gaba. Don haka bi su a jere, aƙalla sau ɗaya. Bayan nan ka yanke yadda kake so.

Kada tsoron ƙarewar rayuka ya hana ka. In wasa ya ƙare aka mayar da kai allon farko, danne A ka riƙe sannan ka danna Start, za ka ci gaba daga farkon duniyar da ka mutu a ciki. Yara da yawa sun yi shekaru suna komawa 1-1 don ba wanda ya gaya musu wannan.

Halin maƙiya

Kowane ɗayansu yana da ɗabi'a guda da ba ya canzawa. Koren kunkuru yana tafiya har ya faɗa rami, ja kuwa yana juyowa in ya kai gaɓa. In ka taka kunkuru ya shige ƙoƙonsa, kana iya shurinsa ya share duk abin da ke gaba, ka bi shi da gudu kada ya fita daga allo. A 3-2, inda maƙiya suke jere a fili, haka ake samun ƙarin rai. Amma ƙoƙon yana dawowa in ya bugi bututu, kuma bai san wanda ya shure shi ba. Furen da ke leƙowa daga bututu ba ya fitowa muddin kana manne da bututun ko kana tsaye a kansa. Baƙin ƙwaron nan mai sulke wuta ba ta cinsa, sai taku. Masu ƙaya da Lakitu yake jefowa daga gajimare a 4-1 kuwa akasin haka ne, ba a taka su, sai wuta, kuma maganin Lakitu shi ne kada ka tsaya. Cikin ruwa, ƙaramin Mario da ke tafiya a ƙasa ya fi ƙarfin farar halittar nan mai bin mutum, sai dai ka yi hattara da ramuka, ruwan yana ja ƙasa a samansu. A gadar 2-3 da kifaye ke tsalle, riƙe gudu ɗaya kada ka yi ta tsayawa.

Furen wuta shi ne dukiyar wasan, kuma a nan taɓawa ɗaya take mayar da mai wuta ɗan ƙarami kai tsaye. Harsashin wuta biyu kawai ke iya zama a allo lokaci guda, saboda haka harbi daga kusa ya fi sauri.

In kana son tara rayuka, wurin shi ne matakalar ƙarshen 3-1. Kunkuru biyu suna saukowa. Tsallake na farko, tari na biyu yana kan mataki, taka shi ya shige ƙoƙo, sannan ka yi ɗan tsalle ka sauka a gefen ƙoƙon yadda zai bugi matakin ya dawo ƙarƙashin ƙafarka. In ya kama, Mario zai yi ta dira a kai da kansa, maki yana hawa har 8000, daga nan kowace dira rai ce. Yakan ƙi kamawa sau da yawa kafin hannu ya gane. Kada ka yi haɗama: in rayuka suka kai wajen 128 lissafin na'urar yana juyewa, mutuwa ɗaya ta ƙare wasan. Ashirin zuwa talatin sun wadatar, ga agogo ma yana tafiya.

Gidajen dodo

Zango na huɗu a kowace duniya gidan Bowser ne, ba shi da wurin ci gaba a tsakiya, in ka mutu sai daga farko. Sandunan wuta masu juyawa ba sa canza saurinsu, tsaya ka kalli zagaye ɗaya sannan ka wuce bayan wutsiyarsu. Shi kansa dodon, hanya uku ce. Ka harbe shi da wuta sau biyar, ko ka jira ya yi tsalle ka bi ta ƙarƙashinsa, ko kuma in kana babba ka afka masa kawai, ka ƙanƙance, ka wuce cikin 'yan daƙiƙun da ba a iya taɓa ka. Gatarin da ke bayansa shi ne abin nema, kana taɓa shi gada ta karye. Wanda ya kashe shi da wuta zai ga abin dariya: bakwai na farko duk na bogi ne, na 1-4 Goomba ne ya yi shiga. Daga 6-4 yake fara haɗawa da jifan guduma.

Ban da 8-4, gida biyu suna da ruɗani, in ka bi hanyar da ba ita ba sai ka yi ta zagaye har lokaci ya ƙare. A 4-4, bi sama a kashi na farko, ƙasa a na biyu. A 7-4, ƙasa, tsakiya, sama, sannan sama, tsakiya, sama.

Duniya ta takwas

Nan babu wurin ci gaba a tsakiyar kowane zango, kuma ka yi iya ƙoƙarinka ka shigo da furen wuta. 8-1 shi ne mafi tsawo a wasan, ga shi 300 kawai aka ba ka a agogo maimakon 400, babu kuma lemar girma ko fure a cikinsa. Mai tafiya a hankali lokaci ne zai kashe shi. Jerin ƙananan ramukan da ke ciki da gudu ake bi ta kansu, ba da tsalle ba. Inda ginshiƙi mai faɗin bulo ɗaya yake tsakanin manyan ramuka biyu, nan atisayen rage nisa a iska yake biyan kuɗinsa.

8-2 ya haɗa Lakitu da igwa da kunkuru masu fiffike, sannan ga tsallen da ya fi kowane cin rayuka: ƙananan ginshiƙai a bakin wani faffaɗan rami. Kada ka tsaya a kansu kana auna nisa. Ɗauko gudu tun daga baya, bi ta kan ƙananan ramukan, ka tashi a kan na ƙarshe da A a danne har ka sauka.

8-3 na masu guduma ne, kuma a ganina shi ne zango mafi wuya ga wanda ya zo ba wuta. Biyu-biyu na farko suna tsalle tsakanin layukan bulo. Jira ɗaya ya hau layin da ke samanka, ka doki bulon da yake tsaye a kai daga ƙasa. In ka gama da su kada ka wuce, akwai abin ƙarin ƙarfi a ɓoye cikin bulullukan kowane rukuni, kuma su ne na ƙarshe da za ka gani a wasan, 8-4 ba shi da ko ɗaya. Waɗanda ke gaba a fili suke tsaye ɗaya bayan ɗaya, babu bulon da zai taimake ka. Mai wuta ya harbe su daga nesa. Marar wuta ya matso kusa, domin gudumar sama take yi ta sauka nesa, ya jira maƙiyin ya yi tsalle ya wuce ta ƙasa da gudu. Daɗewa a gabansu ba ta da amfani, in ka jima su ne za su taho maka.

8-4 kuma bututu ne ke raba hanya, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: shiga bututun farko da ke bayan tafkin wuta. A ɗaki na biyu bututun a rataye yake a sama, akwai ɓoyayyen akwati kafin shi da za ka doka ka taka. Daga na uku za ka faɗa ruwa mai sandunan wuta, ka fito ka tarar da mai guduma guda, sai ramin wuta, sai Bowser na gaske yana aman wuta yana jifa. In ka iso babba, kada ka tsaya wasa da shi, afka ka taɓa gatari.

Bayan ka ceto gimbiya, wasan zai ba ka zagaye na biyu: duk Goomba sun koma baƙaƙen ƙwari masu sulke, maƙiya sun ƙara sauri, katakai sun ƙanƙance, kuma kana iya zaɓar duniyar da kake so da maɓallin B a allon farko. Kafin ka shiga wannan, miƙa hannun gem ga yaron gidanku ka bar shi da 1-1, kuma don Allah kada ka nuna masa hanyar rufin 1-2 sai ya kai gidan dodo na huɗu da ƙafarsa.